Idan Hadari Ya Haɗo: Ambaliyar Farat Ɗaya a Cikin Unguwa

(Kiɗan buɗe shiri)

    

Yau zancenmu a kan hadari mai ƙarfi ne, irin wanda ke zuwa da iska da tsawa, da kuma ambaliyar da yake haddasawa a cikin unguwannin da muke kwana muke tashi. Saukar da ruwa ikon Allah ne, babu mai hannu a ciki. Amma hanyar da ruwan zai bi bayan ya taɓa ƙasa, wannan kam da hannunmu muke shata ta, da gininmu, da shararmu, da irin shirin da muka yi ko muka ƙi yi. A kan wannan nake so mu tsaya yau.

Da farko mu rarrabe, domin ambaliya iri biyu ce. Akwai ta kogi, irin wadda mutanen Haɗeja da Ringim da Lakwaja suka sani. Ita wannan tana yin sallama: kogi ya riƙa cika yau da gobe, ana kallonsa yana hawa, har a sami kwana biyu ko uku na kwashe kaya. Akwai kuma ta farat ɗaya, wadda ba ta buƙatar kogi sam. Ruwa ne zai sauka da yawa cikin ɗan lokaci, ƙasa ta kasa shanyewa, kwata ta kasa ɗauka, sai lungu ya koma rafi. Tsakanin ɗigon farko da shigar ruwa ɗaki, wani lokaci ba a cika awa guda ba. Ita ce mai cin mutane a kan shimfiɗarsu.

To, yaya irin wannan hadari yake haɗuwa? A lokacin damina, iska mai ɗauke da danshi tana busowa daga tekun Atlantika, ta kudu maso yamma, ta shigo mana. Rana ta gasa ƙasa, iskar nan ta yi zafi ta yi sama, ta je ta yi sanyi, danshinta ya zama gajimare. Idan zafin ya yi yawa kuma danshin ya wadata, gajimaren yakan yi tsiri har ya wuce kilomita 12 a sama. A yankinmu irin waɗannan gizagizai sukan jeru su yi sahu mai tsawon ɗaruruwan kilomita, suna tafiya daga gabas zuwa yamma. Shi ya sa tun kaka da kakanni gabas ake duba idan ana neman hadari. Iskar nan mai sanyi da ƙura da ke riga ruwa isowa kuwa, daga cikin gajimaren take faɗowa, ta daki ƙasa ta bazu. Ita ce ke yaye kwano, ta karya reshe, ta kayar da turken wuta.

Dattawa da yawa suna cewa ruwan yanzu ya fi na da faɗa, kuma bincike ya gaskata su. A shekarar 2017 mujallar kimiyya ta Nature ta buga wani nazari da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam, wanda ya nuna cewa manyan hadura masu tsanani a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Ɗaya daga cikin abubuwan da masana suka tabbatar shi ne, duk lokacin da zafin iska ya ƙaru da digiri ɗaya, tana iya riƙe ƙarin danshi kamar kashi 7 cikin 100. Abin da ta riƙe kuwa, wata rana sai ta sauke shi.

Bari mu yi ɗan lissafi tare, don a ga yawan ruwan da muke magana a kai. Idan aka ce an yi ruwa milimita ɗaya, ana nufin lita ɗaya ta sauka a kan kowace murabba'in mita. Ɗauki fili mai ƙafa 50 tsawo, 50 faɗi, irin wanda ake yankawa a unguwanninmu. Idan aka yi ruwa milimita 50, wanda hadari guda a watan Agusta yana iya sauke shi, filin nan kaɗai ya karɓi lita kusan 11,600. Wato jarkar ɗan garuwa mai lita 25 sama da guda 460. Gida ɗaya ke nan. Yanzu ka ƙirga gidajen layinku, ka haɗa da na layin da ke sama da ku, ka tambayi kanka: duk wannan ruwa ina zai bi?

A da yana da wurin zuwa. Tsakar gida ƙasa ce, tana sha. Bayan gari fili ne da gonaki. A cikin gari kuma akwai kududdufai, waɗanda aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini, suka zama matattarar ruwan unguwa. Birnin Kano ya yi suna da su, kuma abin da suka kasa riƙewa sai ya gangara Jakara. Yau fa? Tsakar gida an malale da siminti, ƙofar gida an shimfiɗa intalok, titi kwalta ne, kududdufi kuwa an cike shi da bola an yanka filaye an sayar. Ruwan bai ragu ba, masaukinsa ne aka ƙwace. Kuma ruwa ba ya manta hanyarsa. Ko shekara ashirin ya yi bai bi ta wani kwari ba, ranar da ya yi yawa can zai nufa, ko da kuwa ɗakin kwanan wani ne a wurin.

(Kiɗa kaɗan)

Masu sauraro, wannan ba labarin nesa ba ne. A watan Yulin 2018, ruwa kamar da bakin ƙwarya ya sauka cikin dare a garin Jibiya ta jihar Katsina. Kafin gari ya waye an rasa mutum sama da 40, gidaje da dama sun rushe, dabbobi sun tafi. A ƙarshen watan Mayun 2025 kuma, bayan ruwan da aka kwana ana yi, ambaliya ta afka wa garin Mokwa na jihar Neja da asuba, ta share Tiffin Maza da Unguwar Hausawa. Gawarwakin da aka ƙirga a kwanakin farko sun haura 150, ban da ɗimbin waɗanda aka nema aka rasa. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri.

Abubuwa uku suka haɗa waɗannan garuruwa biyu. Ruwan ya zo lokacin da mutane ke barci. Ya fi yin ɓarna a gidajen da ke kan gangare da bakin hanyar ruwa. Sannan ba ruwan da ya sauka a kan rufin mutum kaɗai ne ya cinye shi ba, har da wanda ya taru a wani wuri ya gangaro gaba ɗaya. Saboda haka kada ka ce ai a unguwarmu yayyafi kawai ake yi. Idan ana zuba a tudun da ke sama da ku, naku yana nan tafe.

To me za mu yi tun kafin hadari ya haɗo?

Na farko, kwata da kwalbati. Gobe da safe ka fita ka tsuguna a bakin kwalbatin layinku ka leƙa. Abin da za ka gani na san shi: ledar fiya wata ta yi cunkus, robar lemo, tsohon takalmi, tsumman katifa, ɓawon rake, sai yashi da ya daskare ya cinye rabin ramin, har ciyawa ta tsiro a kai. Ramin da aka yi don ya ɗauki ruwan layi guda, yanzu da ƙyar hannu zai shiga. Kuma mun san yadda aka yi ya zama haka. Da an ga hadari ya yi baƙi, sai a ce wa yaro maza ɗauki kwandon shara ka juye a kwata ruwa ya tafi da ita. Ruwa ba ya tafiya da ita ko'ina, yana kai ta kwalbati na gaba ne ya ajiye, sannan ya juyo ya shiga gidan maƙwabcinka, ko naka. Iyayenmu mata, don Allah a daina wannan aike. Matasan unguwa kuma a yi gayya a yashe kwata tun kafin ruwa ya zauna, a sake yi a tsakiyar damina. In an yashe, a kwashe dagwalon a kai juji. Barinsa a gefen kwata aikin banza ne, ruwan farko zai mayar da shi inda aka ciro shi.

Na biyu, fili. Mai neman fili, kada ka saya da rani ido rufe. Je ka ga wurin da damina, ranar da aka yi ruwa mai yawa. Tambayi tsofaffin wurin: nan da can mene ne? In aka ce maka kududdufi ne, ko fadama, ko hanyar ruwa, to arhar da aka yi maka ba arha ba ce. Ka duba bangon gidajen da ke kusa, za ka ga zanen da ruwan bara ya bari, ya nuna maka iya inda ya kai. Wanda kuma ya toshe hanyar ruwa da katanga don ya ƙara ɗaki ɗaya, ya sani ruwan da ya kora gidan wani zai shiga, kuma akwai hakki.

Na uku, ginin kansa. A daminar 2024 Jamhuriyar Nijar ta rasa mutum sama da 300, kuma da yawansu gini ne ya faɗa musu. A watan Satumbar 2024 har tsohon masallacin ƙasa na Damagaram, wanda ya haura shekara 150 a tsaye, ya rushe saboda ruwa. Ginin ƙasa ba laifi ba ne, amma yana son kulawa duk shekara. A yi yaɓe tun da rani. A gyara indararo ya riƙa zubar da ruwa nesa da gindin bango. A buɗe wuriya, kada ruwa ya kwana a tsakar gida. Bango kuma yakan yi gargaɗi kafin ya faɗi: gindinsa ya jiƙe ya yi duhu, ƙasa ta riƙa zubowa kaɗan-kaɗan, tsaga ta buɗe a kusurwa, ƙofar da ke rufuwa lafiya ta fara cijewa, azara ta riƙa ƙara. Duk ɗakin da ya nuna ɗaya daga cikin waɗannan, kada a kwana a cikinsa daren da ake ruwa, ko da za a takura a zaure ko gidan maƙwabta. Masu rufin kwano kuma a sa kafinta ya bi ƙusoshi, a ɗaure katakon rufi da jikin gini da kyau, a sare reshen da ya rankwafo kan ɗaki.

Na huɗu, shirin unguwa. Mai unguwa da liman da shugabannin matasa su zauna su amsa tambayoyi uku: in ruwa ya shigo, wane tudu za mu nufa, ta wace hanya, kuma wa zai ta da mutane? Lasifikar masallaci tana kaiwa inda waya ba ta kaiwa da ƙarfe biyun dare. A san gidajen da ke da tsofaffi, da marasa lafiya, da masu jego, da makarantun allo inda almajirai ke kwana da yawa a ɗaki ɗaya, a raba wa matasa wanda kowa zai fara dubawa. A cikin gida kuma, takardun fili da na makaranta da katin asibiti a ƙulle su a leda a rataye sama. Tocila ta kwana kusa da kai, waya ta kwana da caji. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, tana kuma fitar da na kwana-kwana, hukumar NIHSA kuma tana bayyana ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. Idan kun ji an ambaci yankinku a rediyo, ku ɗauke shi da gaske.

(Kiɗa kaɗan)

Yanzu ga hadari ya iso. Mu fara da tsawa. Haske ya fi sauti gudu nesa ba kusa ba, shi ya sa ake ganin walƙiya kafin a ji ƙara. Sauti yana cin kilomita ɗaya cikin daƙiƙa uku. In ka ga walƙiya ka ƙirga, daƙiƙa tara kafin ƙara na nufin kilomita uku ne tsakaninku. Amma ƙa'idar da ta fi sauƙi ita ce: muddin kana jin cida, aradu tana iya kai maka. Shiga gini mai rufi da bango, ko mota mai rufin ƙarfe ka ɗaga gilashi. Rumfa ba mafaka ba ce, babur da Keke Napep ma haka. Gindin bishiya kuwa, musamman wadda ta tsaya ita kaɗai a fili, yana da haɗari ƙwarai. Manoma, a ajiye fartanya a bar gona. Makiyaya, kada a tara shanu a gindin itace ɗaya. Masu ƙwallo a tashi, masu wanka da su a rafi a fito. Kuma a dakata minti 30 bayan tsawar ƙarshe kafin a koma.

A cikin gida, a zare talabijin da firji da eriya tun hadari bai iso ba. Wayar hannu ba ta jawo aradu, haɗarinta shi ne a riƙe ta tana jone da caji. Sannan ga wata magana da nake so kowa ya riƙe. Akwai masu cewa wanda tsawa ta faɗa wa ba a taɓa shi, wai sai an nemo madara an zuba. Wannan jinkiri yana kashe mutane. Jikinsa ba ya riƙe wuta, taɓa shi ba ya cutar da kowa. Abin da yakan faru shi ne zuciya ta tsaya. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji a riƙa dannawa da ƙarfi da sauri, wani kuma ya nemo mota a yi asibiti.

Sai ruwan da ke gudu a layi. Jama'a, ruwa yana da nauyi. Tankin da ke cin lita 1,000, ruwan cikinsa tan guda ne. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babban mutum. Santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota. Santimita 60, wato kamar gwiwa, yana tafiya da yawancin motoci har da manya. Ga shi ruwan jaja-jir ne, ba ka ganin abin da ke ƙasa: ko kwalta ta zaizaye, ko murfin kwalbati ya tafi, ko wayar wuta ta faɗo ciki. Direba, ɗan acaba, in ka iso gada ko kwari ka ga ruwa ya haye, ka tsaya ko ka juya. Kada fasinja ya zuga ka, kada ka ce ai wancan ya wuce. In mota ta mutu a cikin ruwa kuma ruwan yana hawa, a buɗe taga a fita tun da wuri, a bar ta. Iyaye, ku tsare yara. Wasan ruwa a bakin kwata yana cinye yara duk shekara, ƙafa ɗaya ce za ta zame, sai a tsinci yaro a wata unguwa.

In ruwa ya fara shigowa gida, a kashe wuta daga wajen mita muddin wurin a bushe yake, in ya jiƙe kada a taɓa. A ta da kowa. A fara fitar da yara da tsofaffi, a kwance dabbobi in da hali, a nufi tudun da aka yi alkawari. Kada a tsaya ɗaure kaya, kada kuma a koma ɗauko buhun masara ko akwatin biki. In da rai da rabo. A Najeriya lambar neman agajin gaggawa ita ce 112. Kuma daren da aka ga ruwa ya ƙi tsayawa, a gidajen da ke gangare, mutum ɗaya ya zauna a farke yana leƙa waje. Addininmu ma ya yi sauƙi a irin wannan hali, an yi rangwamen yin salla a gida saboda ruwa, malamanmu kuma sun san hukuncin haɗa magariba da lisha. Kada wani ya jefa kansa cikin ruwa mai gudu yana ganin dole ce.

Bayan ruwa ya janye, saura wani yaƙin. Ambaliya tana haɗa masai da rijiya, daga nan amai da gudawa ke tashi. A tafasa ruwan sha ko a sa masa maganin tsarkake ruwa, a wanke hannu da sabulu, abincin da ruwan ya taɓa a zubar. Wanda gudawa ta kama a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, sannan a garzaya asibiti. A kula da macizai da kunamu da ke fakewa cikin kaya. Bangon da ya sha ruwa yana iya faɗuwa bayan kwana biyu rana tana haskawa, don haka a duba kafin a mayar da shimfiɗa. A kori ruwan da ya kwanta, a ɗaura gidan sauro.

Hukumomi ma suna da nasu kason, kuma babba ne: gina manyan magudanai, kwashe shara a kan lokaci, hana yanka fili a hanyar ruwa, da ba wanda aka tasa wurin da zai koma. Mu riƙa tuna musu ta bakin masu unguwanni da kansiloli da wakilanmu, tun da rani, ba sai an yi asara ba.

Amma kwalbatin ƙofar gidanka ba ya jiran kowa. Maigida, ka zagaya bangonka yau kafin magariba. Uwargida, ki hana a kai shara kwata. Samari, ku sa ranar gayya a wannan mako. Mai unguwa, ranka ya daɗe, a tara jama'a a faɗa musu inda za su nufa in ruwa ya shigo da dare. Wanda ya ji wannan shiri kuma ya isar wa wanda bai ji ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga sharrin iska da tsawa da ambaliya. Sai mun sake saduwa a shiri na gaba. Wassalamu alaikum warahmatullah.

(Kiɗan rufe shiri)